Gudun Kakan Sarki

A ƙasar Mongol an yi wani basarake, Bayartu, wanda sarki ya ɗora wa rubuta tarihin gidan sarauta. Aiki na ta tafiya har ya iso yaƙin bakin kogi, inda kakan sarki ya ranta a na kare. Nan alƙalami ya cije.

Cikin waɗanda suka ga yaƙin, tsoho Dorbo mai tatsar goɗiyoyi kaɗai ya rage. Aka kawo shi tantin sarki.

Sarki ya ce, "Faɗi abin da ka gani a rubuta. In ka yi ƙarya, a yanke harshenka. In ka ce kakana ya gudu, a yanke shi."

Bayartu ya sunkuyar da kai, tausayin tsohon ya kama shi.

Dorbo ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga ya ba abokan gaba baya yana sukuwa. Amma ka san dabararmu ta kaka da kakanni: a yi kamar an gudu, abokan gaba su biyo, sannan a juyo musu."

Sarki ya washe baki. "Bayartu, rubuta. To, yaushe ya juyo?"

"Shekara talatin yana shiri, ajali ya riske shi. Mahaifinka ma bai samu sukuni ba. Juyowar tana nan tana jiranka. Su ma suna nan ƙetaren kogi, har sun ƙara yawa."

Sarki ya daɗe yana shafa gemu. Can ya dubi Bayartu.

"Rubuta ya gudu."