Cindo da Gonar Aro

An yi wani mutum a wani gari, tun ba a san takin buhu ba, wani bawan Allah ana ce masa Cindo. Baƙo ne, ba shi da gonar gado. Sai ya je wurin wani mai gonaki da yawa, Jatau, ya roƙi aro. Jatau ya zaɓi wadda ta mutu, fako ce, ko ciyawa ba ta son wurin, ya ce, "Ga ta nan, in ka iya."

To, ku saurara. Cindo mutum ne mai son sanin dalilin abu. Ya raba gonar kashi-kashi. Nan ya sa toka, nan kashin awaki, nan sharar gida, can kuma ya bari ba komai don ya ga bambanci. Da shuka ta fito sai ya riƙa tsugunawa yana duban ganye. Wanda ya yi ruwan ɗorawa, ya san yunwa yake ji. Wanda ya yi kore shar, sai ya riƙe a ransa abin da ya ba shi. Ya lura inda wake ya zauna bana, gero yakan yi ƙarfi baɗi. Yana yi, yana yi, shekara na bin shekara, har ƙasar nan ta yi baƙi, ta yi laushi.

Jama'a, nan ciwon ya shiga. Rumbun Jatau cike yake, bai taɓa rasa tuwo ba. Amma in ya zo wucewa ya ga zangarniyar Cindo ta fi tasa, sai abinci ya fita ransa. In mutane suka ce, "Kai, Cindo ya iya ƙasa," sai ya ce, "Ƙasar wa?"

Ya bari sai da bazara ta yi, Cindo ya gama kai taki da jakinsa, ga shi nan tsibi-tsibi, sannan ya zo.

"Cindo, bana ina son gonata."

"Maigida, ga damina ta ƙarato. Ina zan sa iyalina?"

"Aro na ba ka ko kyauta?"

"Aro ne."

"To."

Da Hansai matar Cindo ta ji, sai ta jefar da taɓarya. "Malam, me za mu ci? Ɗauki mangala ka kwashe takinka tas! Ni na share turken awakin nan, bayana ne shaida."

Cindo shi ma abin ya ci masa rai. Amma sai ya ce, "Gaskiyarki, Hansai. Amma gonar nan ita ta ciyar da mu, ba ita ta yi mana laifi ba. Na riga na ajiye mata abincinta. Ba zan ɗauke kwano daga gabanta ba."

Ya je ya baza takin da hannunsa. Bai tsaya nan ba, ku ji fa, ya sami Jatau ya ce, "Maigida, gefen gabas kada ka sa dawa bana. Ya gaji, kuma muguwar ciyawar nan wuta-wuta na kwance a wurin. Ka sa wake ko gyaɗa."

Jatau ya yi dariya. "Wato inda ya fi kyau, nan kake so in bari? Na gane ka."

Mai hassada gani yake kowa irinsa ne. Jatau ya zuba dawa a gefen gabas ɗin. Wuta-wuta ta fito da jan furenta ta shaƙe saiwar, dawa ta tsaya iya gwiwa.

Ba zan ɓoye muku ba, shekarar nan gidan Cindo sun sha wuya. Ƙwadago ya yi a gonakin mutane, wata rana kunu kaɗai suke kwana da shi. Amma gari ya ga abin da ya faru. Wani dattijo mai matacciyar gona ya kira Cindo gaban shaidu ya ce, "Ni ba aro zan ba ka ba. Ka raya ta, rabi naka ne har jikokinka."

Cindo ya koma farko, da tokarsa da kashin awakinsa, ƙasa ta soma amsawa.

Jatau fa? Ga gonar a hannunsa, ba mai ja da shi. Amma kullum sai a gan shi tsaye a bakin sabuwar gonar Cindo, yana kallo, yana ramewa.

'Yan'uwa, darasin a fili yake. Hassada ba ta warkewa don ka ƙwace abin da kake wa hassada, domin ba a gonar ciwon yake ba, a ƙirji yake. Wanda kuma aka zalunta ya ƙi ɓata abin da ya gyara, Allah ba ya barinsa. A cikinmu nan akwai mai riƙe da gonar aro, akwai wanda ya ba da ita. Kai mai aro, ka ciyar da ita kamar taka. Kai kuma da ka bayar, in ka wuce ka ga ta yi kyau ka ji ƙirjinka ya yi zafi, ka tsaya ka ce Allah ya ƙara, sannan ka tambaye shi yadda ya yi. Allah ya wanke mana zukata.