Shafin Da Ya Ƙi Yi Wa Babayo Magana

Akwai wani bawan Allah a unguwar Dogo Nini da ke Potiskum mai suna Babayo, dillali ne a Kasuwar Shanu. Hawan jinin ido ya cinye masa idon dama shekara huɗu da suka wuce. Na hagu ya rage, shi ma dishi-dishi, iyakacinsa ya raba haske da inuwa.

Likita ya ce masa in aka yi aiki da wuri za a iya tsare wannan ɗan hasken. Babayo bai faɗa wa kowa a gida ba. Kun san mutanenmu da zurfin ciki. Cewa ya yi mahaifiyarsa Dada ta yi kukan ido ɗaya, ba zai sa ta kukan na biyu ba.

Wayarsa tana da muryar nan da ke karanta wa marasa gani abin da ke kan gilashi. Ya shafa da yatsa, ta faɗa masa. Da ita yake karanta saƙon masu shanu, bai taɓa miƙa wa wani wayarsa ba.

Sai ga sanarwa cewa wata ƙungiya za ta kawo likitocin ido Potiskum, aiki kyauta, amma sai an yi rajista a shafin intanet kafin Juma'a.

Babayo ya buɗe shafin ya shafa. Muryar ta ce, "Akwatin rubutu." Ya matsa ƙasa. "Akwatin rubutu." Har huɗu, daga ƙarshe ta ce, "Maɓalli mara suna." Na suna ne, na shekaru ne, ba ta faɗa ba.

Ba laifin muryar ba ne, 'ya'yana. Ita ba ta ganin gilashi. Manhajar da ke buɗe shafi, wadda ake kira burauza, ita ke miƙa mata sunan kowane akwati da bayaninsa. In mai gina shafin bai ɗaure sunan a jikin akwatin ba, ya zana shi kawai a gefe don ado, burauza ba ta da abin miƙawa.

Babayo ya bincika, aka ce wani matashi Abdulrahim ne ya gina shafin, yana da shagon kwamfuta a unguwar Yerimaram. Babayo ya hau keke napep ya je.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, shafinka ba ya magana."

Abdulrahim ya yi dariya. "Kawu, rediyo ne da zai yi magana?"

"Akwatunan ba su da suna. Wayata ba ta san me za ta ce min ba."

"Ga sunayen nan ɓaro-ɓaro, har da kala. Ka ba mai ido ya cika maka mana."

"Shafin na masu ciwon ido ne fa."

"Kawu, kowa ya gani sai ya yaba. Ba zan ɓata aikina saboda mutum ɗaya ba."

Babayo ya haɗiye maganar. Ya ce, "To faɗa min jerinsu, zan riƙe a kai."

Abdulrahim bai ko ɗago daga kwamfutarsa ba. "Suna, shekaru, unguwa, lambar waya. Ka gaida gida."

Abu ɗaya bai faɗa ba. Ƙarƙashin akwati na huɗu akwai ɗan siririn rubutu da ke cewa kada a fara lambar da sifiri. Shi ma ba a ɗaure shi a jikin akwatin ba.

Babayo ya koma gida ya cika a hankali, ya rubuta lambarsa da sifirinta kamar yadda kowa ke yi, ya danna maɓallin. Jan rubutu ya fito yana cewa rajista ba ta shiga ba. Muryar ba ta ce komai ba, don ba a miƙa mata ba. Ya maimaita sau uku saboda tabbaci, ya ce alhamdulillahi, ya zauna jiran saƙo.

Juma'a ta wuce. Ranar aiki ya je da kansa, aka duba takarda, babu sunansa. Aka ce ba a ganin kowa sai wanda ke cikin jeri. Ya tsaya a bakin ƙofa har azahar, ya juyo. Likitocin suka yi kwana uku suka tafi, da sauran gadaje babu kowa a kai.

Mutanen ƙungiyar ne suka tsare Abdulrahim da tambayar me ya hana mutane rajista, suka kuma karɓe aikin gaba daga hannunsa. Sai a lokacin ya kunna muryar a tasa wayar, ya rufe ido, ya gwada. Ya kasa rubuta ko sunan kansa. Gyaran kuwa bai cinye masa awa guda ba.

Ya yi wata biyu kunya ta hana shi zuwa gidan Babayo. Ranar da ya je, ya tarar da Babayo zaune a zaure, ya durƙusa.

"Kawu, na gyara. Ka yafe min. Ka gwada ka ji."

Babayo ya shafa. Muryar ta karanto komai tas, har da maganar sifirin.

Ya ce, "Au, ashe nan ne." Ya ajiye wayar. "Ya yi kyau. Ka bar shi haka don na baya. Ni idona ya mutu sati uku ke nan."

Aka kira la'asar.

Babayo ya lalubo takalminsa, ya miƙo hannu. "Tashi ka kama ni zuwa masallaci. Ban iya tafiya da sanda ba tukuna."

Darasi: In Allah ya ba ka ilimin gina abin da jama'a za su yi amfani da shi, ka tuna da wanda ba ya ganin adon da ka yi. Ka sa wa kowane akwati suna, ka ɗaure masa bayaninsa yadda murya za ta karanta. In mai larura ya tako ya faɗa maka inda aikinka ya gaza, ka ajiye girman kai ka saurara a ranar, don gyaran da ya makara ba ya dawo da ido. Ku tura wa yaranku masu aikin kwamfuta su karanta.