Sannun Gada

Ga ta nan, ga ta nanku, tana ɗari-ɗari.

Ta zo mu ji ta, ba mai korar ta!

Gada ce, ko ganye ya faɗi sai ta yi firgigit ta arce, har ake kiranta Zabura. Ta kai kukanta wurin Kunkuru.

"Baba, mene ne maganin firgita?"

"'Yata, duk abin da ya motsa, ki ce masa sannu kafin ki tashi."

Ganye ya faɗi, ta ce sannu. Ƙadangare ya gifta, sannu. Ran nan ciyawa ta motsa, sai ga Damisa. Ƙafafun Gada ba su jira baki ba. Sai da ta haye tudu ta waiwayo tana haki.

"Sannu, ranki ya daɗe!"

Shi ya sa har yau sai ta yi nisa take waiwayowa. Gaisuwa take yi.

Ƙurunƙus kan ƙadangare!