Dalilin da Ya Sa Kurkudu Yake Tono a Gindin Katanga

Dalilin da ya sa kuke ganin ƙananan ramukan nan masu kama da mazurari a gindin katanga, yara, kuma in kun zaƙulo mai ramin da tsinke sai ya yi ta ja da baya, labari ne na bakin kogi. Littattafan makaranta suna da nasu bayanin. Ba laifi, sai dai babu kififfiya a ciki.

A da can, Kurkudu ba ɗan gari ba ne. A kan wani farin yashi yake zaune, wanda kogi ke bari in rani ya yi, kuma gaba yake tafiya kamar kowa. Maƙwabciyarsa Kififfiya ce, wato kunkurun ruwa mai laushin baya. Ita ba ta kwanci irin na kaza. Takan haƙa rami ta zuba ƙwai, ta rufe, ta bar wa rana sauran aikin.

Wata shekara, da ta gama rufewa, sai ta kira shi.

"Ɗan nan, ka duba min wurin nan. Guza ya fara yawan zuwa gaisuwa."

"Gwaggo, in Guza ya zo me zan yi masa? Ko farcensa ban kai ba."

"Ka zuba masa ido kawai, yana da kunya in ana kallonsa. In sun ƙyanƙyashe, ɓawon naka ne, da duk tururuwar da za ta zo lasa."

Kurkudu ya ga aikin bai fi ƙarfinsa ba. Ya ce, "To in wani abu ya sami wurin fa?"

"Me zai same shi? Tun kakata a nan muke zubawa. Ruwa ne ke tafiya, yashi ba ya zuwa ko'ina."

Washegari da hantsi yashin ya tafi birni.

Tifa ce ta zo har bakin ruwa, wani mai lodi da ake kira Barau ya diro da abokan aikinsa. Shebur guda ya ɗauki Kurkudu, na gaba ya ɗauki ƙwayayen. Aka juye su a unguwar da ake sabbin gidaje, a filin wani dattijon magini, Maiwada. Wasu ƙwayayen sun fashe a hanya, ba zan ɓoye muku ba. Sauran suna nan a tsakiyar tulin, da ɗuminsu.

Guza dai bai biyo su ba. Abin da ya zo ya fi shi rashin kunya, don ko an kalli shebur ba ya fasawa. Kullum da safe sai ya gutsiri tulin ta gaba, a kwaɓa da siminti a buga bulo, kullum yana ƙara matsowa kusa da ƙwayayen.

Kurkudu ba zai iya ɗaukar ƙwai ba. Amma ya lura in ya janye yashin da ke ƙarƙashin ƙwai, sai ƙwan ya ɗan zame ƙasa. Sai ya shiga aiki. Ya kafe idonsa a kan shebur, yana kutsawa da gindi, yana watsar da yashi da ka. Shebur ya matso, shi ya ja baya, ƙwai ya biyo shi. Haka ya yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, har ya gangaro da su bayan tulin, jikin katangar da aka fara ɗorawa. Kafin ya gama, ƙafafunsa sun manta yadda ake tafiya gaba. Ya nutsa can ƙasa, barci ya kwashe shi.

Washegari da safe Maiwada yana ba bulo ruwa, ruwan ya gangara gindin katanga. Sai ga wasu abubuwa kamar marfin kwalba mai ƙafafu suna fitowa daga yashi. Barau kuwa ya kawo sabon lodi ke nan.

Maiwada ya ce, "Barau, yashi na ce ka kawo min ko dabbobi?"

Barau ya leƙa. "Baba, ai gyara ce."

"Kwashi gyararka ka mayar inda ka samo. Uwarsu tana can tana nema, kai kana nan kana washe baki."

Barau ya zuba ruwa a kwanon sarki, ya tsince su, ya rungume kwanon a gaban mota. Da suka isa kogi, inda ya samo su ya zama ƙaton rami cike da ruwan laka, gaɓa tana ta zubewa ciki. Babu inda ɗan kififfiya zai dafa. Sai ya ɗora kwanon a ka ya bi gefen ruwa, abokansa suna kiransa ungozoma. Ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami ɗan ragowar yashi ya sake su. An ce Kififfiya ta same su a can. Wannan ragowar kuwa Barau bai sa mata shebur ba, a wannan shekarar dai.

Kurkudu ya farka ya tarar da ɓawo kawai. Tururuwa ta zo kamar yadda aka yi alkawari, ya ɗan taɓa, amma hankalinsa ba ya kai. Ba wanda ya ga mai gadi, balle ya yi masa bayani. Ya yi tunani iyakar ƙaramin kansa, ya yanke cewa shi ne ya cika tono, yaran Gwaggo suka nutsa ƙasa. Sai ya koma nema.

Shi ya sa har yanzu duk inda aka zubar da yashin kogi, in kun duba gindin katanga za ku ga raminsa, yana tono da baya. In kun zaƙulo shi, ku mayar da shi a hankali, ku gaya masa yaran sun isa gida lafiya. An sha gaya masa. Yakan ɗan tsaya kamar ya ji, sannan ya koma ya ƙara dubawa.