Kwaɓin da Aka Rufe da Faifai

Akwai wata mace mai suna Bilhatu, mai sana'ar yin kek. Da 'yar wanta za ta yi aure, sai ta ɗauki alkawari a gaban dangi cewa ita za ta yi kek ɗin biki.

Ana gobe ɗaurin aure ta narkar da farar alewa mai laushi, ta cuɗa da garin sukari, ta yi kwaɓin da ake lulluɓe kek da shi. Ƙa'idar kwaɓin nan kuwa ita ce a shafe shi da mai, a naɗe shi tam a cikin leda, domin iska ce take kashe shi. Bilhatu ta san haka. Amma ta gaji, leda kuma ta ƙare, sai ta sa shi a kwano ta kifa faifai.

Mijinta ya ce, "Maman Yohanna, haka za ki bar shi?"

Ta ce, "Ai na rufe. Da faifai Inna ta yi ta rufe tuwo, wa ya taɓa kwana da yunwa?"

Da gari ya waye ta ɗaga faifan, ta danna da yatsa, yatsa bai shiga ba. Mijin ya ƙwanƙwasa kwaɓin ya ce, "Wannan kam sai a ba maƙera."

Ta shafa mai, ta ɗumama, ta yi ta murzawa, amma busasshen ɓawon da ya yi sai farfashewa yake yi. A can tsakiya kaɗai ta sami ɗan mai laushi. Da shi ta lulluɓe gaban kek ɗin, bayansa ya zauna tsirara. Ta kai shi majami'a, ta ɗora a kan tebur, ta jingina teburin da bango, ta zauna kusa tana duban duk mai wucewa.

Da lokacin yanka ya yi, fasto ya ce, "Samari, ku kawo teburin tsakiya, kowa ya ga aikin hannun 'yar'uwarmu." Suka ɗaga teburin.

Ga ma'anar misalin, ya ku 'yan'uwa. Kwaɓin nan zuciyar mutum ce, wadda Ubangiji yake so ya tarar da laushi domin ya siffata ta. Man shi ne addu'a, ledar kuwa Maganar Allah ce mai tsare ta ta kowane gefe. Faifan shi ne addinin ganin ido: zuwa sujada da rera waƙa, alhali fushi da ƙyashi suna shiga ta kowace kafa. Zuciya ba ta yin ƙara sa'ad da take taurarewa, mai ita yana barcinsa. Rana tana zuwa da za a janye kowannenmu daga bango, a tsayar da shi a tsakiya. Ka taɓa zuciyarka yau, ka ji ko yatsa yana shiga tukuna.