Tabawa da Gwanon Bayan Fada

A zamanin da, tun mutane na duban ƙasa kafin su taka, an yi wani sarki da geron rumbunsa ya riƙa raguwa, ba ɓarawo, ba ɓera. Waziri ya zaga, ya ga baƙaƙen ƙwari a jere suna fita daga fada, kowanne da farin abu a baki, suna shigewa ƙarƙashin ɗakin wata tsohuwa, Tabawa mai daddawa, da ke jingine da katanga. Daga kan doki ya duba. Ya koma ya ce tururuwa ce ke jidar hatsin sarki. Sarki ya ce a rushe ɗakin, a tone ramin, a cinna wuta.

Dogarai suka iske Tabawa zaune a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafa.

Ta ce, "A ɗakin nan na haifi tara. Mai rushewa ya fara ta kaina."

Aka tasa ƙeyarta zuwa fada. Sarki ya ce, "Iya, umarnina kika ƙi?"

"Zaki, na ƙi. Ba a dukan makiyayi a bar kura."

Waziri ya yi tsaki. "Allah ya ba ka nasara, tsohuwar da ba ta san alif ba ita za ta koya mana tururuwa?"

"Ban san alif ba, Waziri, amma na san gwano. Tururuwa hanya take sharewa fes, ta tara ƙaiƙayi a bakin raminta. Ka ga ƙaiƙayi a ƙofata? Kwarkwasa kuwa ba ta zama wuri ɗaya, inda ta bi ko kaza sai ta gudu. Wannan dogo ne, baƙi wuluk, ga wari, ga harbi. Safe da yamma yake fita, ɗaya a gaba, saura a baya. In an ji wa ɗaya ciwo, 'yan uwansa ke ɗauko shi gida, abin da wasu fadawan ba sa yi. Farin abin bakinsa ba gero ba ne."

Sarki ya ce, "Baki ba shaida ba ne, Iya."

"To a zuba gero a hanyarsu, a ɗiga zuma, a ajiye itacen da gara ta kama. In suka taɓa ƙwaya ɗaya, ni da kaina zan cinna wa ɗakina wuta."

Da la'asar gwano suka fito. Suka tattake geron suka wuce, suka kewaye zumar, suka auka wa itacen, kowanne ya fito da gara cike da baki. Sauran suka zarce gindin rumbu. Tabawa ta bi su, sarki na biye, ta fizge sandar wani dogari ta daki gindin. Ya rufta, gara ta zubo fara ƙal.

"Ga ɓarawonka, Zaki. Ba don gwanon nan ba, da azarar da kake kwana ƙarƙashinta ma ta tafi."

Sarki ya juya ya dubi Waziri. Sannan ya yi doka: ɗakin Tabawa na nan daram, kuma kada wanda ya ƙara zuba toka ko ruwan zafi a hanyar gwano. A sake gina rumbu bisa duwatsu, Waziri ya kwaɓa ƙasar da ƙafarsa, Tabawa ta tsaya a kan aikin.

Sau uku tana sa shi sake kwaɓi.