Dashen Nasarawan Doya

Akwai wani ɗalibi mai suna Ilisha, ɗan garin Ikara, da ke karatun gandun daji a jami'a a Zariya. Zamanin mulkin soja ne, lokacin tsuke bakin aljihu. Ma'aikatu sallamar ma'aikatansu suke yi, balle su karɓi ɗalibi. Ga shi kuma ba mai samun digiri sai ya je wani wuri ya yi zangon koyon aiki.

Ilisha yana da abokin karatu, Sama'ila, mutumin Makarfi. A aji Ilisha ne kan gaba, kowa ya sani. Shi Sama'ila tsaka-tsaki ne, amma duk hutu yakan hau keke ya tafi lambun renon itatuwa na wani shirin hana zaizayar ƙasa a Nasarawan Doya. Ya cika leda da ƙasa, ya yi ban ruwa, ba mai biyansa.

Da lokaci ya yi, Malam Iliyasu, shugaban lambun, ya ce gurbi ɗaya gare shi, kuma na Sama'ila ne.

Ilisha ya ce, "Na taya ka murna, mutumina." Amma abinci ma ya daina yi masa daɗi. Ya sha yawo ofis-ofis har takalminsa ya cinye, ko'ina sai a ce ya dawo baɗi. In ya tuna Sama'ila cikin dogayen takalman roba, manoma na kiransa malamin daji, sai ya ji zuciyarsa na tafasa.

Ranar kasuwar Makarfi Ilisha ya haɗu da wani dattijo, Baba Tukur, a wajen masu rake. Bayan doguwar gaisuwa, dattijon ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, itatuwan nan da ake raba mana mu dasa a bakin gonaki, lafiya kuwa?"

Ilisha ya san lafiya lau ce. Amma ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Baba, ni dai ban ce komai ba. Amma duk inda itacen gwamnati ya girma, kun san na wane ne wurin. Kuma soja ba a kai shi ƙara."

Kafin sati ya zagayo maganar ta karaɗe ƙauyuka. Manoma suka bi gonakinsu suna tuge mangwaro da ɗorawa da dogon yaro. Wasu suka shiga lambun suka tattake dashen. Masu shirin suka ga abin ya zama rigima, suka rufe lambun.

Ilisha na zaune a ƙofar gidansu sai ga Sama'ila ya jingine keke, idanunsa jajir.

"Ilisha, an cuce mu, ni da kai."

"Ni kuma? Me ya haɗa ni da lambunku?"

"Tun da na fara aiki nake roƙon Malam Iliyasu. Na ce masa akwai wanda ya fi ni sanin ƙasa da iri. Ya yarda za ka kama aiki farkon wata, ka riƙe sabon lambun da za a buɗe a Kudan. Na so sai ta tabbata in gaya maka. Yanzu shi ma an fasa."



Washegari Ilisha ya tafi har gonar Baba Tukur ya durƙusa ya ce ƙarya ya yi. Dattijon ya nuna masa ramukan da aka tuge dashen, ga ruwan sama ya fara yanka kwari ta wajen.

"Ni na ji, ɗana. To mutanen Kudan fa? Da na ƙauyukan da ko sunansu ban sani ba? Wa zai bi su ya gaya musu?"

Malam Iliyasu ya tafi da Sama'ila wani lambu can wajen Katsina, a can Sama'ila ya ƙarasa zangonsa. Ilisha bai sami gurbi ko'ina ba. Ranar da 'yan ajinsu suka sa rigar yaye, yana cikin 'yan kallo.

Darasi: Mai hassada ba ya sanin inda ɓarnarsa za ta tsaya, sau da yawa rabonsa yake rusawa da hannunsa. In ɗan'uwanka ya samu, taya shi murna har zuci, kai ma ka je ka ba da ƙarfinka inda ake aiki. Ku tura wa ɗalibai da duk wanda kuke ƙauna, ko wani zai gyara zuciyarsa.